Layin da Bai Kamata In Karanta Ba

Shekara shida Sjoerd yana jan mana wasan labari ran Lahadi duk bayan mako biyu, a teburin kicin ɗin Tjitske da ke birnin Groningen. Shi yake ƙirƙiro ƙasar da mutanenta daga kansa. Ni da Tjitske da Wubbo kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, in abu ya zo da shakka a jefa ƙwayar wasa irin ta ludo mai fuska ashirin ta yanke hukunci. Da matarsa ta haifi tagwaye, sai ya ce ba shi da sauran lokacin rubutu. Zai riƙa zuwa a matsayin ɗan wasa idan an sami mai hawa kujerarsa, idan ba a samu ba a rufe teburin cikin mutunci. Ni na ɗaga hannu, kuma tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Da yake na san ban iya ƙirƙira ba, sai na sayi shiryayyen labari a kwali. A ciki akwai taswirar wani ƙauyen masunta, da wasiƙu uku masu hatimi, da littafi mai shafi sittin. An sace ƙararrawar ƙauyen, aikin jarumai su gano ɓarawon. Diflomata a kan adana takardu na yi ta, don haka na karanta littafin sau uku, na manna wa shafukan alamu masu launi. Ƙa'idarsa guda ce: rubutun da aka kewaye da zane mai ruwan toka shi ake karanta wa 'yan wasa, abin da ke ƙasansa sirrin jagora ne.

Mu ma muna da tamu al'adar. Kafin kowa ya sa rigar ruwansa, sai an fito da littattafan ajanda an tsayar da ranar gaba. Na san idan aka tashi yau ba a fito da su ba, ba wanda zai ce komai, amma teburin ya mutu.

Ƙarfe ɗaya na rana suka iso a kekuna, ruwan sama ya jiƙa su. Sjoerd ya ɗaga kwalin ya sansana.

"To, yau abincin gwangwani za mu ci ke nan?"

"Kai dai zauna, baban biyu," in ji Tjitske tana zuba kofi. "Rabonka da abinci mai zafi ma yaushe ne?"

Wubbo ya ja taswirar gabansa. "Kai, wannan ta fi taka kyau, Sjoerd. Taka kullum kamar kaza ta bi ta kan takarda."

Na kafa ɗan shamakin kwali a gabana don kare littafin. Minti goman farko ba a sami matsala ba. Jaruman suka sauka daga jirgi, suka shiga masaukin wata tsohuwa. Na buɗe shafi na tara, na fara karantawa: hayaƙin kifi, fitila guda, tsohuwar tana juya miya tana yi musu maraba. Tsoron kada in ɗaga kai in ga fuskar Sjoerd ya sa idona ya manne a takarda, bakina kuma bai tsaya inda zanen ya ƙare ba.

"Ita ce ta sace ƙararrawar, ta ɓoye ta a rijiyar bayan gida. Kada 'yan wasa su san wannan kafin babi na huɗu."

Sai da na kai aya na ji abin da na faɗa.

Wubbo ne ya fara fashewa da dariya, har kofi ya sarƙe shi. "Malam Hidde mai difloma! Labarin awa huɗu ka gama mana shi a minti goma. Mu tafi gida ko?"

Sjoerd bai yi dariya ba. Agogonsa ya duba, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

"Ku saurara," in ji Tjitske. "Ni na ji, amma jarumata ba ta ji komai ba. Tana zama ta sha miya."

Haka doka take a wajenmu, abin da ɗan wasa ya sani daban, abin da jaruminsa ya sani daban. Amma na san babi uku na gaba duk neman ɓarawo ne, kuma ba mai iya yin awa uku yana neman abin da ke hannunsa. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa na ce zan sha ruwa, alhali kofina cike yake. Ina juya shafuka ba tare da na san abin da nake nema ba, sai na faɗa kan na arba'in da ɗaya, shafi guda da ban manna wa alama ba, don na ɗauka ba zai taɓa shafar mai taka-tsantsan irina ba. Kan shafin yana cewa: idan asiri ya tonu da wuri. Shawarar gajeriya ce. Kada ka yi ƙoƙarin rufewa. Bar tsohuwar ta gane an gano ta, ka miƙa wasiƙa ta uku.

Na gyara murya. "Tsohuwar ta ajiye ludayi. Ta ce ta ga irin kallon da kuke yi mata. Ta ciro wannan daga aljihu."

Na miƙa wa Sjoerd wasiƙar. Ya fasa hatimin, ya karanta a fili. Duk shekarar da aka kaɗa ƙararrawar, kifi yana cika raga, amma teku tana ɗauke mutum ɗaya. Mijinta da 'ya'yanta biyu sun riga sun tafi haka.

"A mayar da ƙararrawar," in ji Wubbo. "Ƙauye zai mutu da yunwa."

"Kai fa ba ka da imani," in ji Tjitske. "Sai ka bi ta kan jarumata tukuna."

Sjoerd ya buga tebur. "Ku tsaya! Wa ya ƙera ƙararrawar tun farko? Hidde, akwai maƙeri a ƙauyen?"

Akwai, a shafi na ashirin da biyu, har da hotonsa da sunan karensa. Tun daga nan ban sake samun zama sosai ba, ina tsakanin taswira da littafi, su kuma suna ta musu, ƙwaya tana gangarawa. Wajen rabin abin da na yi wa alama ba mu taɓa shi ba. Wanda muka taɓa kuma bai ba ni kunya ko sau ɗaya ba.

Ƙarfe biyar da kwata wayar Sjoerd ta yi ƙara, lokacin wankan tagwaye ya wuce. Ya miƙe da sauri ya ɗauki rigar ruwansa, ƙararrawar tana cikin rijiya har yanzu. Ya sa hannu ɗaya a rigar, ni kuma ina kallon ƙasa. Sai ya tsaya, ya laluba jakarsa ya fito da ajanda.

"Ran sha tara ta yi muku? Kai kuma, mai gwangwani, ka sa yatsa a inda zanen ya ƙare."

Na rubuta ranar, na sake dubawa sau biyu.