Ruwan Safe

Dattijo Sammani ya jingine kekensa a jikin bangon sakandaren gari, ko gaisawa da mai gadi bai tsaya yi ba. 'Yarsa Khadijat tana biye da shi, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Ita ce ta kai kuka gida cewa malamin lissafi ba ya zuwa aji, amma ba ta zaci zai taso da kansa ba. Jarrabawar fita ta matso, makarantar koyon jinya take so, can kuwa ba a ɗaukar wanda ya faɗi lissafi.

Ajin nasu ko taga ɗaya babu mai murfi. Rabin yaran a ƙasa suke zaune, samari na ta kokawa a baya, allo kuwa fes, alli bai taɓa shi ba tun safe.

"Ina malamin?" Sammani ya tambaya.

"Baba, ai yau Talata ce," in ji wata yarinya. "Talata da Alhamis ba ma ganinsa, kuma ranakun lissafin ke nan."

Ya wuce ofishin shugaban makaranta, Malam Mudassiru, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa.

"Mu iyaye mun gaji! Mun ba ku 'ya'ya ku koyar, kun mai da su masu gadin bango."

"Baba Sammani, malamin lissafi ɗaya gare ni tun daga aji ɗaya har shida. Na yi ta kai kuka Kano har na gaji. In na matsa masa ya tafi, wa zan sa?"

"Yanzu yana ina?"

Malam Mudassiru ya ɗan dube shi. "Bi bakin kanal ɗinku na ban ruwa, za ka same shi."

Sammani ya ce Khadijat ta koma aji, ya hau keke yana huci. Bai yi nisa ba ya hango mutum tsundum cikin laka har ƙwauri, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya zuwa fadamar tumatir. Malam Hananiya ne, mutumin Filato. Nan Sammani ya ja birki ya sauka.

Shi ne ke raba ruwa a wannan layi. Lokacin da Hananiya ya karɓi hayar gonar, manyan gari sun riga sun kwashe yamma da Asabar, ba abin da ya rage sai safiyar Talata da Alhamis. Mutumin nan ya zo har ƙofar gida ya durƙusa yana roƙon a mai da shi yamma, saboda aiki. Sammani ya ce masa baƙo ba ya zaɓe, mai albashi kuma bai kamata ya yi gogayya da manoma ba. Ya san malami ne. Bai taɓa tambayar me yake koyarwa ba, balle ajin wa.

"Barka da rana, Baba," in ji Hananiya. "Ko na wuce lokacina ne?"

"Kai ne malamin lissafin su Khadijat?"

"Ni ne." Ya sunkuyar da kai. "In na bar ruwan ya wuce, sai wani makon. Tumatir ba ya jira, albashin kuma ba ya kai mu tsakiyar wata."

Da Sammani ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Daga yau ka ɗauki lokacina na yamma, ni in dawo safe."

"Na gode, Baba, amma bar shi kawai. Ƙarshen watan nan zan ajiye allin. Gonar ta fi riƙe ni."

"Khadijat fa?"

"Yarinya ce mai kai. Da ta samu ko zango biyu cikakku..." Bai ƙarasa ba, ya duƙa ya toshe wata kafa da laka.

Sammani ya cire takalmansa ya ajiye a kan kunya, ya naɗe wando. Rabonsa da shiga laka tun kafin ciwon gwiwa ya kama shi. Ya gangara a hankali, ya miƙa hannu.

"Kawo fartanyar. Je ka wanke ƙafa, hau kekena."

Hananiya ya ɗaga kai ya dubi rana. "Baba, ai saura kaɗan a tashi."

"Je ka koya mata abin da kaɗan ɗin zai ɗauka."