Lambatun Bayan Coci

"Sai anko ya iso, Esta," in ji Baba Zakariya, dattijon ikilisiya. "Ranar Tsaftar Muhalli ba a yin ta da garaje. Har hoto za a ɗauka."

Esta ta miƙe a tsakiyar taron coci. Anko! Tun farkon damina Fasto ke wa'azi cewa ƙasa amanar Allah ce, kowa ya binciki zuciyarsa. Ana ta "Amin", wasu har da hawaye. Amma duk Asabar, in matan zumunta sun share harabar coci, sai su juye sharar ta kan katanga cikin lambatu: ledar ruwa, robobi, ɓawon rake. Lambatun ya toshe, ruwa ya koma gindin ɗakin ƙasa na Inna Tambaya, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan cocin.

"Baba, bangon Inna ya jiƙe har gwiwa. Jiya ta ce da ni, 'Ke 'yar nan, ku ji tsoron Allah.' Shebur muke buƙata, ba zani ba!"

"Zauna. Tela ya ce mako mai zuwa."

Ta kuwa zauna. Wannan zaman shi ke ci mata rai har yau.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya taso daga wajen Bungudu, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna na kwance bangon ya rufta mata. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Da suka je gaisuwa, Baba Zakariya ya durƙusa gaban Hafsat, 'yar marigayiyar. "Sai haƙuri. Lokaci ne ya yi."

"Wane lokaci?" Esta ta fashe. "Ledarmu ce ta kashe ta! Tawa, da ta matarka, da ta kowa!"

"Esta, haba!"

"Ba haba!"

Hafsat ba ta ɗago ba. "Ku yi a hankali," ta ce, "Inna ba ta son hayaniya."

Esta ta fice, ta ari shebur, ta tattare zani ta shiga lambatun ita kaɗai. Mata biyu suka biyo ta, sannan Baba Zakariya, da takalminsa a hannu. Ba wanda ta kalla.

Ranar Lahadi ana rera waƙar yabo, Esta ta kasa buɗe baki. Ta taga tana hango tabarmar Inna, Hafsat ta shanya ta a kan katangar coci, ruwan laka yana ɗiga ta cikin harabar.