Kwalaben Ba Alkali

Muhsinu ya riga ya tuttule kwalba ɗaya a kwata lokacin da na leƙo ta kan katanga. Ta biyu tana hannunsa, yana kokawa da murfinta.

"Kai Muhsinu, ajiye ta," na ce.

"Inna Yakaka, ki bar ni in yi abin da ya dace." Ko ɗagowa bai yi ba. "Likita ya ce kwana ɗaya ko biyu. Ba zan bari mahaifina ya cika da barasa jere a kansa ba. A ɗakin nan za a yi masa wanka."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na zaga ta ƙofa da gudu, garin tattasai har gwiwar hannuna, na kama wuyan hannunsa.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Ba Alkali, mahaifin Muhsinu, a Diffa. Ni niƙan tattasai nake yi in sayar. Shi kuwa tsohon ma'aikacin gona ne, cikin masu bin gonakin bakin Komadugu suna duba cutar shuka. Wani furoje, wato shirin aiki na gwamnati, ne ya koya masa kamun farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ke laɓewa bayan ganyen tattasai ya tsotse shi har ya nannaɗe. A zuba su a 'yar kwalba mai tsawon yatsa, a cika da alkol na asibiti don kada su ruɓe. Bayan shekara uku kuɗin furoje ya ƙare, motoci suka koma Yamai, aka garƙame buro, ofishin aikin. Kowa ya kama gabansa. Ba Alkali kaɗai bai ji an tashi ba. Duk kakar tattasai sai ya hau kekensa ya nufi kogi, ya dawo da kwalba ɗaya ya ɗora a kantar ɗakinsa. Kaka talatin da ɗaya. 'Yan unguwa suka sa masa Sarkin Ƙuda, wasu kuma suka riƙa raɗe-raɗin wai kurɓa yake yi.

"Ka taɓa ganin ubanka ya kai wannan bakinsa?" na tambayi Muhsinu.

"Ban taɓa ba. Amma mutane za su shigo, za su gani. Sun isa faɗa masa magana yana raye."

Ba mugun yaro ba ne. Malamin lakwal ne, makarantar boko, a Damagaram, ya baro aikinsa ya zo yana ɗaga ubansa yana kwantarwa. Idonsa ya yi ja.

"To ɗakin ne damuwarka, ko kwalaben?"

"Ɗakin."

"Ba ni su. Ɗakin ajiyata ba a wankan kowa a ciki."

Sai ya saki kwalbar. Mairo, matar Ba Alkali, ta shimfiɗa tsohon zani a farantin shanyata, muka kwantar da kwalaben kamar ƙwai. Ina ɗauke da farantin a ka sai wayar Ba Alkali ta hau ƙara a ƙarƙashin matashinsa. Mairo ta manna mini ita a kunne, don ita ba ta son magana da baƙi.

"Baba, an sa hannu!" wata murya ta faɗa kafin in yi sallama. "Sau biyu suna mayar mini da takarda, yau sun sa hannu. Gwamnati za ta biya binciken, da injin da komai."

Na gane ta. Dokta Farida ce, mai binciken ƙwari a jami'a. Shekara biyu da suka wuce ta zo gidan, ta ga kantar nan, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya kamar wadda ta tsinci zinariya.

"Dokta, Yakaka ce maƙwabciya. Baban naki yana kwance. Jiki ya yi nauyi."

Sannan ta ce, "Allah ya ba shi sauƙi. Inna, ki yi haƙuri da tambayata. Ya rubuta shekarun?"

"Wane shekaru?"

Sai ta yi mini bayani da sauri-sauri. A cikin kowace kwalba akwai 'yar takarda da ya rubuta da fensir, amma ba lamba ya sa ba. Sunan gona yake sawa da wani abu da ya faru a kakar, yadda manoma ke tuna shekara. Lambobin suna cikin wani littafi dabam, kuma littafin ya jiƙe ya narke shekarar da kogi ya shigo gari. Ya yi mata alkawarin zai zauna ya sake rubutawa.

"In babu shekarun, matattun ƙudaje kawai nake da su," ta ce. "A kan jerin shekarun nan aka yarda aka ba ni kuɗin. Ina Damagaram. Gobe da azahar ina ƙofarku."

Na kai farantin gida, na dawo na durƙusa kusa da kunnen Ba Alkali. Kwana biyu bai ce uffan ba.

"Ba Alkali, gwamnati ta saki kuɗin ƙuda. Farida tana hanya."

Fatar idonsa ta motsa. Ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan.

"Gwamnati?" ya ce, murya kamar ana jan tabarma. "Shekara ashirin da takwas tana ɗaura ɗankwali." Ya haɗiye yawu. "Mairo, dama mini kunu."

Mairo ta fita tana tuntuɓe da bakin ƙofa. Ranar ya sha rabin kofi.

Washegari ana kiran azahar adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, Farida ta diro da akwatin ƙanƙara a hannu da littafi a hammata. Ko ruwan da na miƙa mata a tsaye ta sha. Muhsinu ya gaishe ta da mutunci, amma ya ce kwalba ba za ta sake shiga ɗakin ba. Sai muka yi dabara. Aka ja gadon kusa da taga, ni na tsaya a tsakar gida da faranti, Farida tana ɗaga kwalba ga rana ta karanta, shi yana amsawa daga ciki.

"Kafin mu fara, nawa ne?" ya tambaya.

"Talatin, Baba."

"Talatin da ɗaya ne."

Muhsinu ya sunkuyar da kai. "Ni na zubar da ɗaya."

"Me aka rubuta a ciki?"

"Gonar Zailani, auren ƙanensa."

Ba Alkali ya lumshe ido. "Kakar ba ta yi ƙuda sosai ba. Da ƙyar na samu goma. Ɗaga mini kai, Muhsinu."

Aka fara. "Geskeru, gonar Mansur, shekarar da jakinsa ya ci takardar haraji."

"Casa'in da shida. Kuma ba jaki ba ne ya ci, shi ya ɓoye."

"Gonar Muntari, bayan ya dawo Makka da haƙorin zinariya."

"Dubu biyu da ɗaya."

Farida tana rubutawa. Mairo ta matso ta ce, "Ni dai, 'yar nan, me za ki gani a cikin mataccen ƙuda?"

"Iya, a jikin kowane ƙwaro akwai rubutun gado, wanda ya karɓa daga iyayensa. Injin yana karanta shi. Da can in an fesa magani sai su zube. Amma cikin dubu akan samu ɗaya da rubutunsa ya ɗan bambanta, bai mutu ba, shi ya haifi na gaba."

"Yanzu jikokin wanka suke yi da maganin," in ji Ba Alkali daga taga.

"In na jera su shekara bayan shekara, zan ga daidai inda rubutun ya juya, da maganin da ya jawo. Sai mu gaya wa manoma wanne za su daina saye. Ba wanda yake da irin wannan jeri a duk ƙasar nan sai Baba."

"Kin ji ko, Mairo? Ke da kika ce in sayar da keken."

"Har yanzu ina kan bakana," ta ce, tana share ido da gefen mayafi.

Goma. Goma sha biyar. Maƙwabta suka fara taruwa a zaure, har da masu raɗe-raɗin. Duk kwalbar da ta sami shekara sai in mayar da ita gefen dama. Amma daga ta sha takwas numfashinsa ya fara tsayi. Sai Farida ta karanta sau biyu kafin ya amsa. A ta ashirin da uku ya faɗi shekarar da yatsu, Muhsinu ya fassara.

"Gonar Yero," Farida ta fara ta ashirin da huɗu.

"Dokta, ya isa," in ji Muhsinu a hankali.

Ta rufe littafin nan take. Muka ji shi yana maimaita kalimar shahada kusa da kunnen ubansa, muka ji tsohon ya karɓa. Ana idar da sallar la'asar Mairo ta fito ta zauna a bakin murhu, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da safe aka kai shi. Farida a ɗakina ta kwana. Na same ta zaune gaban kwalabe bakwai da suka rage, ta zabga tagumi.

"Ashirin da uku ba su isa ba?" na ce.

"Giɓin duk a tsakiya yake, Inna. Daidai shekarun da manoma suka ce magani ya fara ƙin ci. Kamar a ba ki labari a cire inda aka yi faɗan."

Sai ga sallama. Muhsinu ne, da ƙurar maƙabarta a ƙafa.

"Inna Yakaka, ba ni bakwai ɗin nan."

Na tare ƙofa da jikina. "Kwatar gidanku ba ta ƙoshi ba?"

"Mutanen Geskeru da na bakin kogi sun cika rumfar makoki. Tun ɗazu labarinsa suke yi, kowa da ranar da ya zo gonarsa da keke. Gonakinsu ne a rubuce." Ya miƙo hannu biyu. "Rumfa ba ɗaki ba ce."

Shi da kansa ya ɗauki farantin ya ratsa cikin maza ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ni da Farida muka laɓe a zaure, littafi a cinyarta.

"Gonar Yero," ya karanta, "kakar da surukinsa ya faɗa kogi da buhun taki."

Wani ya tuntsure da dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari. Yero, dogon tsoho mai rawani, ya gyara zama.

"Ai a kakar aka haifi Bubakar nawa. Bubakar, fito da katinka."

"Kada ku bi katin nan," in ji wani. "An rage masa shekara biyu don a karɓe shi lakwal."

"Uku," in ji Yero. "A'a, biyu."

"Ku tsaya. Ba kakar ce rana ta yi husufi da hantsi ba, kaji suka koma akurki?"

"Ita ce. Surukin nawa yana shanya takin, gari ya yi duhu, ya ce tashin duniya ne."

Farida ta damƙe hannuna har na ji zafi. "Dubu biyu da shida," ta raɗa. "Wannan a rubuce take."

Daga nan rumfa ta kacame. Aka yi gardama a kan shekarar da ruwa ya cinye gada, aka kira wata tsohuwa a waya a Sayam don ta faɗi shekarar aurenta, ta zagi mai kiran sannan ta faɗa. Liman ya so ya tsawatar, sai aka karanto gonar wansa, ya shiga gardamar da ƙarfi fiye da kowa. Duk shekarar da mutum uku suka yarda da ita, sai Muhsinu ya waiwayo zaure ya faɗa da babbar murya. Huɗu. Biyar. Shida.

Ya ɗaga ta ƙarshe ga haske, ya daɗe yana dubawa.

"Asaga," ya karanta. "Tattasai ya nuna jajur, babu mai tsinka."

Ba wanda ya yi gardama. Kowa a rumfar ya san kakar da 'yan bindiga suka sa aka baro bakin kogi da abin da ke jiki kawai. Farida ta rubuta dubu biyu da goma sha biyar ba tare da an faɗa mata ba.

Can gefe wani tsoho, Mamman Sani, ya miƙo hannu.

"Tawa ce gonar," ya ce. "Ashe ya je."

Muhsinu ya sa masa kwalbar a tafin hannu. Tsohon ya juya ta sau ɗaya a hankali, ya riƙe ta kusa da idonsa, yana kallon 'yan fararen ƙudajen suna sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya.