Kore a Ƙarƙashin Baƙin Fenti

Dodo ya shekara ashirin yana fentin mota cikin wata rumfar kwano kusa da tashar Gummi. Ranar wata Talata da hantsi, wani dogon mutum ya kawo masa baƙar Golf, an karce ta tun daga ƙofar direba har baya. Ya ce reshen itace ne a hanyar Gwashi, kuma yau yake son motarsa. Ya jawo benci ya zauna, hannunsa ɗaya cikin aljihun riga.

Dodo ya sa farce cikin karcen, ya ji ya nutse har ƙarfe. Irin wannan sai an kankare gefensa, a cike da fila, wato ƙullin da ake toshe lotsawar mota da shi, a goge ta yi sumul, sannan a fesa. Ya jiƙa sanfefa, takardar gugar fenti, ya fara.

Baƙin fentin shafar gaggawa ce, nan da nan kore ya leƙo ƙarƙashinsa. Da ya kai bayan ƙofa sai ya tarar da tsohuwar fila mai faɗin tafin hannu. Hannunsa ya tsaya cak. Shi ya yi wannan cikon bara, lokacin da amalanke ya daki koriyar motar Shehu, ƙanen matarsa Rabi. Wata uku ke nan da 'yan bindiga suka tare Shehu tsakanin Bukkuyum da Adabka, suka tafi da shi da motar. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Mi kake kallo, Malam?" in ji mutumin.

Dodo bai ɗago kai ba. Ya ce tsatsa yake dubawa. Ya matso da bokitin ruwa ya watsa wa wurin, ya sa jikinsa ya kare koren. Da ya zo kwaɓa fila, sau biyu cokalin kwaɓawar yana kuɓuce masa. Bai waiwaya ba, amma yana jin idon mutumin a ƙeyarsa, kuma yana ta tunanin abin da ke cikin aljihun nan.

Ya shafe wurin da filar, ya ce sai ta bushe, kuma baƙin fentinsa ya ƙare, zai leƙa kasuwa. Mutumin ya dubi gwangwanayen da ke jere a kan katako, ya daɗe yana dubawa. Akwai baƙi guda biyu a cikinsu.

"Bar wayarka nan," ya ce a hankali. "Kada ka daɗe."

Dodo ya ajiye wayar a kan benci. Ya fita yana tafiyar da ya saba, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Sai da ya sha kwanar masallaci ya zuba da gudu. Ya iske Gambo, shugaban direbobin tasha, yana alwala. Da ƙyar ya iya haɗa maganar. Gambo ya aika a kira 'yan sanda, ya tara direbobi shida, suka nufi rumfar.

Motar tana nan, filar ko bushewa ba ta gama yi ba. Mutumin ya tafi, da makulli da wayar. Mai rake na tsallake ya ce wani ya zo a babur ya ɗauke shi, sun yi hanyar Anka.

'Yan sanda suka ja motar. Dodo ya rufe rumfar, ya tafi gida tun kafin la'asar, yana waige duk sanda ya ji ƙarar babur. A wayar nan akwai lambar Rabi da hotunan 'ya'yansa. Ya ce mata ta haɗa kaya, gobe za su wuce wurin yayansa a Sakkwato, sannan ya faɗa mata dalili.

Rabi ta zauna a bakin turmi. Can ta tambaye shi ko ya ga jini a kujerun.

Ya ce bai leƙa ciki ba.