Iya Inda Ƙafa Ta Kai

Motar ofishin haraji ta shekara biyu a kan bulo. Tayoyin aka cire wai za a kai faci, ba su dawo ba. Tun daga nan bincike ya koma iya inda ƙafa ta kai: layin teloli, masu gyaran waya, mai kantin magani.

Mai Jaka ake ce masa a layin, saboda baƙar jakar da ba ta barin hammatarsa. Da su tara ne a sashen bincike, yanzu shi kaɗai ya rage. In ya shigo layi sai hira ta mutu, a hau gyaran murya. Wuri ɗaya ake matsa masa ya zauna, bencin wani tsohon tela. Nan yake buɗe kwanon abincinsa kullum da rana, keken ɗinki na ƙara, tela na tsokanarsa.

"Kai da kake bin masu kuɗi, dubi wuyan rigarka. Cire in juya maka, kada a ce a shagona kake zama."

Tela bai taɓa karɓar ko sisi a hannunsa ba. Shi kuma Mai Jaka, abin da ya iya ya yi masa. Shekara uku da suka wuce ya ce, "Baba, ka yi rajista. Ka riƙa ajiye rasit. Mai takarda ba ya jin tsoro." Tela ya ji, ya sayi littafi, ya kafa ƙusa a bango yana soke rasit.

Ran Litinin shugaban ofis ya kira shi. Fayil ashirin ake so a rufe duk wata, an rufe sha tara. Shugaba ya turo masa wani siriri. Sunan tela ne a kai.

"Yallaɓai, ga na kamfanin gine-ginen nan. Shekara huɗu yana jira."

Takardun kamfanin kwali goma sha ɗaya ne a bayan ƙofa, an ɗora musu fanka.

"Da wace motar? Da waɗanne ma'aikata? Lauyoyinsu shida, mu ko tawadar firinta sai an yi karo-karo. In ka buɗe wancan, sai ka yi ritaya ba ka kai kwali na uku ba. Wannan kuwa takardunsa tsaf, kafin la'asar ka gama."

"Saboda tsaf ɗin aka zaɓe shi ke nan?"

"To wa za mu bincika, wanda ba mu da sunansa?" Shugaba ya cire tabarau ya murza ido. "In ba mu cika ashirin ba, a rage mana kason baɗi. Kai ka san wanda za a fara sallama."

Mai Jaka ya tafi shagon tela da safe, ba lokacin cin abinci ba. Tela ya dubi agogo, ya dubi jakar.

"Yau aiki ne ya kawo ka?"

"Aiki ne, Baba."

"To bismilla." Ya zare rasit daga ƙusa, ya miƙa masa littafin da hannu biyu.

Komai daidai, sai shafi ɗaya. Kayan makaranta saiti sittin da ya ɗinka bara. Ya rubuta awon kowane yaro, bai shigar da kuɗin ba. Watan da matarsa ta kwanta asibiti ne. Mai Jaka ya sani, don shi ya riƙa tsare masa shago da rana.

Ya daɗe yana kallon shafin. Babu mai ganinsa. Amma makarantar ta riga ta kai nata rasit ofis, yana cikin fayil, shugaba ya ja masa layi da jan biro. Ya rubuta abin da ya gani. Haraji da tarar da aka ci tela sun kai rabin kuɗin keken ɗinki.

Tela ya karanta a hankali, yana bi da yatsa.

"Waɗancan masu benayen fa, an je musu?"

"Babu mota."

"Allah sarki. Ashe laifina kusa."

Washegari da rana ya zo da kwanonsa. Benci na nan, an jibge masa yadi daga wannan kai zuwa wancan. Tela bai ɗago ba, ya miƙo leda. Rigarsa ce da ya bari a shagon, an juya wuyan, an goge. An maƙala ƙaramar takarda da allura.

"Ga rasit, Malam. Ka ajiye."

Ya biya. Tela ya ƙirga, ya buɗe littafi, ya rubuta a gabansa, ya taka keke.

Ya koma ofis. Ba kowa a tsakar gida, sai motar a kan bulo. Ya ja ƙofar, ta buɗe da ƙyar. Ya share ƙurar kujera, ya zauna a mazaunin direba, ya ɗora kwanon a cinya. Daga nan ana hango benayen kamfanin can ƙarshen gari, gilasansu na walƙiya. Ya buɗe kwanon. Abincin ya huce.