Ba Su Nuna Ya Tashi Ba

Mamarmu ba ta ƙaunar fim ɗin faɗa. Da ta ji ƙarar naushi daga talabijin za ta ce a kashe mata wannan hauka. Yau ita ce mai goge allon da gefen zaninta kafin in kunna.

Yayana, wanda muke kira Dogo, ya tafi neman aiki wani birni mai nisa. Kiran ƙarshe da ya yi, murna kamar ta kashe shi, ya ce an ɗauke shi a fim, zai fito a ɗan fursuna. Na tsokane shi na ce dama fuskarsa ta dace. Daga nan layinsa ya daina shiga. Mun tambayi duk wanda za a tambaya, babu wanda ya san inda ya yi.

Sai ga fim ɗin, maƙwabcinmu mai gyaran waya ya samo mana. Gidan yari ne, a ɗakin cin abinci, faɗa ya kaure, farantai na tashi sama. Can sai Dogo ya shigo ta wata ƙofar ƙarfe da ƙafar benci a hannu, sanye da rigar fursuna da ta yi masa kaɗan. Ko ɗaga hannun bai gama ba jarumin fim ɗin ya kai masa naushi ɗaya, ya zube gefen tebur. Iyakar rawar da ya taka ke nan.

Kowa yana yaba jarumin, Mama kuwa ba ta da maƙiyi kamarsa. Ta ce ka ga ƙato, ya rasa wanda zai daka sai yaron da ko kaza ba ya iya yankawa. Ta kuma lura da abin da ba mu gani ba, wai wuyan Dogo ya rame, kuma ba a yi masa aski mai kyau ba.

Kullum sai ta kalli fim ɗin har ƙarshe, har sunayen nan da ke hawa sama, ita da ba ta karatu. Mai gyaran waya ya zauna ya yi mata bayani cewa wasa ne, naushin ma ba ya taɓa mutum.

"Na san wasa ne, ai ni ba yarinya ba ce," in ji ta. "Amma ba su nuna ya tashi ba."

Ni ma ina kewarsa, har haushinsa nake ji. Na gaji da ganinsa yana faɗuwa.

Wata rana da hantsi, ina ƙoƙarin tsallake wurin faɗuwar, na danna wani maɓalli bisa kuskure. Hoton ya fara komawa baya a hankali. Dogo ya ɗago daga ƙasa, ya miƙe tsaye, naushin ya janye daga fuskarsa. Farantai suka koma kan tebur. Na kai hannu zan gyara, Mama ta riƙe min wuyan hannu.

"Bar shi ya kai ƙofa."

Na bar shi. Ya yi ta ja da baya da ƙafar bencinsa, har ya fice, ƙofar ƙarfen ta rufe. Mama ta saki hannuna, ta gyara ɗankwalinta, ta juya tana kallon ƙofar ɗakinmu.