Golmon Philemon

A Zuru, mai son 'yar mutane da aure yana yi wa ubanta noma damina bayan damina, shi da abokansa. Golmo ke nan. Yawancin gidaje sun sassauta, amma Baba Kefas, tsohon soja, bai sassauta ba, kuma gaskiyarsa.

Philemon ya yi wa Baba Kefas noma saboda 'yarsa Theresa har saura damina guda. A Legas yake aiki, a wani ƙaramin kamfani mai sayo suwic daga waje, akwatunan ƙarfen nan da ke haɗa kwamfutoci da juna a manyan ɗakunan adana bayanai. Da, kaya sukan iso da rani, ya kafa su, ruwa na sauka ya ɗauki hutu ya taho gida ya kama garma.

Bana kasuwa ta juya. Masu saye sun daina son na wayar tagulla, sai sababbi masu wayar zaren gilashi, da suka fi sauri. Su kuma manyan kamfanonin duniya sun kwashe su tun daga masana'anta, ƙanana sai jira. Ogan Philemon ya ce babu mai tafiya hutu sai kaya sun iso.

Ruwa ya sauka a Zuru. Baba Kefas ya shuka dawa a gonarsa ta hanyar Manga, ya ware gefen da ke ƙarƙashin ɗorawa, ya ce wannan na Philemon ne, kada wanda ya sa masa fartanya.

Kullum in Theresa ta kai abinci gona, sai ta tsaya a wurin. Ciyawa ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Ƙawayenta da aka fara musu golmo tare duk suna ɗakunansu, wata har da goyo.

"Injiniya, kayan naka a kan jaki aka ɗoro su?" ta tambayi Philemon a waya.

"Sun ce wata mai zuwa."

"Haka ka ce wancan watan. Ciyawarka tana gaishe ka. Ta kusa fin ka tsawo."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Zaune yake a ofis ba aikin komai, yana jin ruwa a kan kwano, hancinsa na neman ƙamshin ƙasar gida.

Nan ya yi wauta, irin ta wanda ya daɗe a birni. Ya ce ta ba Baba wayar.

"Baba, ko a nemo 'yan ƙodago su nome wurin a madadina?"

"To, madalla. In sun gama, wanne daga cikinsu zan ba Theresa?"

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Ina da masu yi mini noma, yaro. Bayanka nake son gani a sunkuye." Ya miƙa wa 'yarsa wayar.

Kaya ba su iso ba. Masu jiransu suka gaji, suka ƙulla ciniki kai tsaye da masana'anta, ba ɗan tsakiya. Kamfanin ya sallami rabin ma'aikatansa, har da Philemon.

Ya sauka a tashar Zuru dawa ta riga ta fid da kai. Bai biya gida ba, ya zarce gona. Ko'ina dawa ta yi kyau, ban da ƙarƙashin ɗorawa. Can ciyawa ta shanye komai.

Baba Kefas ya dube shi, ya dubi tafin hannunsa da ya yi laushi.

"Bana ta wuce," ya ce. "Sai baɗi."

"Na ji, Baba."

"Ga adda. Share wurin tun yanzu."

Philemon ya tuɓe riga ya shiga ciyawa. Theresa ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ta ajiye a bakin kunya, don ubanta na kallo.

"Baɗi da nisa, Injiniya," ta ce a hankali.

Bai ɗago ba. Ta ɗan jima tana sauraron saran addarsa, sannan ta ɗauki kwanukan abinci ta bi bayan ubanta.